Tambayoyi da amsoshi kan kafa murhun kwal don ɗumama gida

Duk wanda ya fara tunanin saka murhun kwal a gidansa tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne, wane murhu zan saya, wane girma, a wane lungu zan ajiye shi. Amma tambayar da tafi kowacce nauyi ba kasafai ake yinta ba, wato ta ina hayaƙin zai fita kuma ta ina iska zata shigo. Murhun kansa akwatin ƙarfe ne kawai, bututun hayaƙin ne yake sa shi aiki, kuma mafi yawan matsalar da mutane ke kuka da ita daga can take fitowa. Shi yasa zaku ga na daɗe a kan maganar bututu da iska, wasu tambayoyin kuma na wuce su da sauri.

Kwal da gawayi ai duk ɗaya ne ko?

A'a. Gawayi itace ne da aka ƙona ba tare da isasshiyar iska ba, shi kuma kwal haƙo shi ake yi daga ƙarƙashin ƙasa, yana da nauyi, yana da wuyar kamawa, amma in ya kama yana daɗewa sosai kuma zafinsa ya kai kusan ninki biyu na busasshen itace in aka auna kilo da kilo. Yana kuma ɗauke da farar wuta a jikinsa, ka riƙe wannan don zamu dawo kanta a maganar tsatsa.

Wane irin kwal ya dace da gida?

Wanda ake kira antirasait, shine mai tauri mai ƙyalli, kabon ɗin cikinsa yakan haura kashi 86 cikin 100, yana ci da ɗan harshen wuta mai launin shuɗi kuma kusan babu hayaƙin da ido zai gani. Akwai kuma dunƙulallen kwal na masana'anta da aka sarrafa don ya rage hayaƙi, shima yana yi in murhunka ya yarda dashi. Mai laushin nan da ake kira bitumin shine mai baƙin hayaƙi da wari da kunkunniya, lignait kuma yafi shi muni, ruwa yayi masa yawa zafi kaɗan.

Gaskiya ni bana ba kowa shawarar ƙona mai laushin a gida, kuma ba don tsabta kawai ba. A yankin Xuanwei na ƙasar Sin inda aka daɗe ana ƙona kwal mai hayaƙi a cikin ɗaki ba bututu, an samu ciwon dajin huhu da yawa har a matan da basu taɓa shan taba ba, kuma bincike ya nuna cutar ta ragu a gidajen da suka koma murhu mai bututu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojinta na 2014 cewa tayi kada a riƙa amfani da ɗanyen kwal da ba a sarrafa ba a cikin gidaje.

Sannan girman ƙwayar ma yana da muhimmanci, murhun da ake zuba masa da hannu yana son matsakaitan dunƙule, wanda yake da injin tura kwal da kansa yana son ƙanana sosai. Shi mai injin sai da lantarki, in wuta ta ɗauke ya tsaya, toh ka saka wannan a lissafi.

Inada murhun itace, ba zan iya zuba masa kwal ba kawai?

In ba a ƙera shi don kwal ba kar ka fara. Itace yana ci a kan toka, iska tana zuwa masa ta sama. Kwal kuwa sai iska ta biyo ta ƙarƙashinsa ta ratsa shi, shi yasa murhun kwal yake da raga ta ƙarfen zubi mai kauri wadda ake girgizawa da hannu daga waje toka ta zube, da tiren toka a ƙasa, da ƙofar iska a ƙasan ragar, da bulo mai jure wuta zagaye da ramin. In ka zuba kwal a murhun da bashi da waɗannan ko dai ya ƙi ci yayi ta fitar da guba, wato iskar kabon monoksaid, ko kuma ya ci ya lanƙwasa maka ƙarfen. Akwai murhunan da aka yi su don duka biyun, takardar kamfanin zata faɗa maka ƙarara.

Sai na nemi izini?

Ya danganta da inda kake, amma ka bincika tun kafin ka kashe ko sisi. Ƙasashe da birane da yawa sun taƙaita ko sun hana. A Landan cikin Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin na kwanaki, dubban mutane suka mutu, abin da ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Dublin ta hana sayar da kwal mai hayaƙi a 1990, birnin Krakow na Poland ya hana ƙona kwal da itace a gidaje daga Satumbar 2019, a Ingila kuma tun Mayun 2023 an daina sayar wa gidaje kwal mai hayaƙi na gargajiya gaba ɗaya. Banda doka, in gidan haya ne sai mai gida ya yarda, in kuma gidan yana da inshora ka sanar dasu a rubuce, don in gobara ta tashi suka tarar da murhun da basu san dashi ba suna iya ƙin biya.

Wane girma zan saya? Ba gara babba ba?

Ba gara ba. Babban murhu a ƙaramin ɗaki zai sa kayi ta toshe masa iska don zafi yayi yawa, wuta tayi ta ci a shaƙe, bututu ya huce, ƙarfin da yake jan hayaƙi sama ya mutu, kuma daidai wannan yanayin ne guba take dawowa ɗaki. Ka auna ɗakin, ka duba yadda yake riƙe zafi da yawan tagoginsa, ka sayi wanda zai riƙa aiki a tsaka-tsakin ƙarfinsa.

Ina zan ajiye shi, kuma tazara nawa tsakaninsa da bango?

Wuri mafi kyau shine tsakiyar gida ko kusa da ita, inda zafi zai bazu kuma bututu zai miƙe sama ta cikin gida ba tare da kwana-kwana ba. Banda ɗakin kwana, banda gareji ko inda ake ajiye fetur ko fenti, banda bakin ƙofar da ita ce kaɗai hanyar fita.

Maganar tazara, abin da kamfanin ya rubuta shine gaba da komai. In murhun tsoho ne bashi da takarda, ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce inci 36, kusan santimita 90, tsakanin murhun da duk abin da zai iya kama wuta, shi kuma bututu mai fata ɗaya, wato na falankin ƙarfe guda ɗaya, inci 18, wajen santimita 45. Ana iya rage tazarar da garkuwar ƙarfe, amma da sharaɗin a bar sarari na inci 1 tsakaninta da bangon, a buɗe sama da ƙasa iska tana wucewa ta baya, kuma ko da garkuwar ba a matsowa ƙasa da inci 12. Abin da mutane da yawa ke yi na manna tayil ko falankin ƙarfe kai tsaye a jikin bangon katako, wannan ba kariya bace, zafin ratsawa yake yi ya isa katakon.

Kuma dan Allah kar ka ce ai na taɓa bangon da ɗumi kawai. Katakon da yake shan zafi kullum yana bushewa yana sauyawa a hankali a hankali, shekara bayan shekara, har ya kai yana iya kamawa a zafin da da can ba zai yi masa komai ba. Gobara da yawa ta irin wannan ba a shekarar farko take tashi ba, sai an saki jiki. Labule, kujera, kafet, kayan da aka shanya, duk suna cikin lissafin tazarar nan. In akwai yara ƙanana a saka shingen ƙarfe, jikin murhun yana ƙona fata nan take.

Ƙasan fa?

In daɓen kankare ne tsurarsa aiki yayi sauƙi. In katako ne ko akwai leda ko kafet, sai an yi dandamali wanda baya cin wuta, ya fito gaban ƙofar murhun da kamar inci 18 saboda garwashin da zai faɗo lokacin zuba kwal ko cire toka, ya kuma zarce gefe da baya gwargwadon abin da takarda tace. Wasu murhunan suna tura zafi ƙasa sosai, su tayil kaɗai baya isa sai an saka allo mai tare zafi a ƙarƙashi. Ka tuna kuma da nauyi, murhun ƙarfen zubi yakan haura kilo 100 tun kafin a zuba masa komai, in bene ne na katako a duba ko zai ɗauka.

Toh bututun, yaya ake yinsa?

Nan ne aikin yake. Iska mai zafi tafi mai sanyi rashin nauyi, sai ta tashi sama ta cikin bututun, tana tashi tana jawo sabuwar iska ta ƙasan ragar, wannan jan shine yake hura wutar kuma shine yake kwashe guba. Duk abin da zai sanyaya bututun ko ya rage masa tsawo ko ya ƙuntata shi, jan yake ragewa. Kuma antirasait hayaƙinsa bai kai na itace zafi ba, don haka yafi buƙatar bututu mai kyau.

Tsawo, ana son kamar mita 4.5 zuwa sama. A saman rufi kuma bakin bututun ya ɗara inda ya huda rufin da aƙalla ƙafa 3, sannan ya fi duk wani abu da yake cikin ƙafa 10 kusa dashi tsawo da ƙafa 2, ko tsinin rufin ne ko bangon bene, in ba haka ba iska in ta bugi rufin sai ta juyo ta danna hayaƙin ƙasa. Faɗi, daidai da bakin murhun, yawanci inci 6, kar a rage, kuma kar a zura shi cikin ƙaton rami mai faɗi don hayaƙin zai huce kafin ya kai sama.

Daga murhu zuwa inda zai shiga silin ko bango, a gajarce shi iya yiwuwa, gwiwa kar ta wuce biyu, in dole sai an kwantar da wani sashe toh ya zama gajere kuma yana ɗan hawa sama, kamar santimita 2 a kowace mita. Kowace mahaɗa sukuru uku, kuma bakin da aka matse ya kalli ƙasa wajen murhun, don duk ruwan da ya taru ya gangara ta ciki ba ya tsiyayo ta waje ba.

Sai babban kuskuren da yafi cin gidaje, wato ratsa silin ko bango ko rufi da bututu mai fata ɗaya. Ba a yi. Daga inda zai ratsa gini har zuwa sama dole ya zama mai fata biyu da abin tare zafi a tsakani, ko kuma ginannen bututu na bulo mai shimfiɗa a ciki, kuma shima mai fata biyun ana barin tazararsa da katako, yawanci inci 2. A saman a saka hula mai hana ruwan sama da tsuntsaye, a kuma rufe inda ya huda rufin da kyau kar ya yi yoyo.

Zan iya fitar da bututun ta taga ya leƙa waje kawai?

A'a. Bututun da ya kwanta ya leƙa waje bashi da ja, duk ranar da iska ta kaɗo ta wannan ɓangaren ɗaki zata turo hayaƙin. In ta bango zaka fita sai ya juya ya hau sama har ya wuce rufi, da bututu mai fata biyu.

Wane ƙarfe ya kamata?

Ka tuna farar wutar nan? In tokar kwal ta haɗu da danshi asid take zama, tana cin ƙarfe. Shi yasa ƙarfen da baya tsatsa ma ba kowanne ba, mai lamba 304 da ake sakawa murhun itace baya daɗewa da kwal, ana neman mai lamba 316, wasu ma 904 suke sakawa. Bututu mai rufin zinki kuma kar ya kusanci murhu, in yayi zafi hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Gidan yana da tsohon bututu na bulo, zan iya haɗawa dashi?

Bayan an share shi an duba shi tun daga ƙasa har sama. Tsagewa ɗaya a cikin bango ta isa ta kai guba ɗakin da yake sama. In an taɓa ƙona itace a ciki akwai yiwuwar kwalta ta daskare a jikinsa, wutar kwal tana busar da ita ta ɓantare ta faɗo ta toshe hanya. Mafi yawan lokaci zura sabuwar shimfiɗar ƙarfe a ciki shine mafita. Kuma murhu ɗaya bututu ɗaya, ba a haɗa shi da na tukunyar gas ko wani murhun.

Me yasa ake cewa sai an bar kafar iska? Ai sanyi nake gudu.

Na gane, amma duk iskar da ta fita ta bututu sai wata ta maye gurbinta. In gidan a toshe yake ruf, tagogi masu roba, ƙofofi masu roba, murhun zai rasa abin ja, in kuma aka kunna fankar da take zuƙe iska a kicin ko banɗaki sai ta fi bututun ƙarfi ta jawo hayaƙin baya zuwa cikin ɗaki. A Ingila ƙa'ida ce murhun da ƙarfin zafinsa ya wuce kilowat 5 sai an yi masa kafar iska ta dindindin, sabbin gidaje masu toshewa sosai kuwa ko ƙarami ne sai an yi. Wasu murhunan suna da bakin da ake haɗa musu bututun iska kai tsaye daga waje, in naka yana dashi kayi amfani dashi, ɗakin ba zai yi sanyi ba. Kafar nan kuma ba a cusa mata tsumma ranar da sanyi ya tsananta.

Wai da gaske murhun kwal yana kisa cikin barci?

Da gaske ne, kuma wallahi wannan itace amsar da nafi so kowa ya karanta sau biyu. Iskar kabon monoksaid bata da launi bata da wari, kuma antirasait da yake bashi da hayaƙin gani babu abin da zai nuna maka tana taruwa. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sama da sau 200, sai jiki ya rasa iskar da yake rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ruɗewa, barci mai nauyi, mutum sai ya ɗauka mura ce ko gajiya. In kaga mutanen gida duk suna ciwon kai lokaci ɗaya, ko kaga ciwon yana sauƙi in an fita waje yana dawowa in an shigo, kar ka tsaya tunani, a fitar da kowa, a bar ƙofofi a buɗe, a kira masu agajin gaggawa ko a tafi asibiti a faɗa musu abin da ake zargi, kuma kar a sake kunna murhun sai gwani ya duba shi. Jarirai da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya su take fara kayarwa.

Na'urar ƙararrawa mai gano wannan iskar dole ce, ba zaɓi bace, kuma daban take da mai gano hayaƙi, duka biyun ake so. Ɗaya a ɗakin da murhun yake, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga jikinsa, wata kuma kusa da inda ake kwana. A riƙa danna maɓallin gwaji, a duba ranar ƙarewarta a bayanta don yawancinsu shekara 5 zuwa 10 suke yi su daina gani. Lokacin da yafi haɗari shine ranakun da gari ya ɗan yi ɗumi aka rage wuta sosai, jan bututu yana raguwa alhali kwal ɗin yana nan yana ci.

Zan iya kafawa da kaina?

Dandamali da garkuwar bango mai hannu da aiki zai iya. Amma huda rufi, haɗa bututu da gwada ja, a samo wanda aikinsa kenan, ya gama ya gwada da hayaƙi a gabanka ya auna jan da na'ura, ya baka takarda. A wasu ƙasashen ma in kai ka kafa sai jami'in gine-gine yazo ya duba kafin ka kunna.

Yaya ake kunna shi karon farko?

Sabon murhu ana fara masa da ƙananan wuta na itace sau biyu ko uku tagogi a buɗe, fentin jikinsa zai yi wari da ɗan hayaƙi, ba matsala bane. Kwal kuma baya kamawa da ashana, sai ka hura wutar busasshen itace ko gawayi tayi garwashi mai kyau, ƙofar iska ta ƙasa a buɗe, sannan ka barbaɗa kwal kaɗan, ka jira ya kama kaga shuɗin harshe, ka ƙara wani, a haka a haka har ramin ya cika zuwa saman bulon, don antirasait baya son shimfiɗa siririya, mutuwa yake yi. Yana buƙatar haƙuri. Fetur ko kalanzir kuwa ko kusa. In ka buɗe ƙofar toka don wuta ta taso kar ka bar wajen ko na minti ɗaya, mantawa da ita a buɗe yana sa murhu yayi jajur ya lalace. In wuta ta zauna, girgiza raga da ƙara kwal safe da yamma yakan isa.

Na zuba kwal sai naji wani bum, toka ta feso. Menene wannan?

Ka binne wutar gaba ɗaya da sabon kwal ne, gas ya taru a sama ba harshen da zai cinye shi, da ya samu wuta sai ya tashi lokaci ɗaya. Yana iya tsinke bututun da ba a ɗaure da sukuru ba. In zaka ƙara, ka fara buɗe iska wutar ta farfaɗo, ka bar gefe ɗaya jajur a buɗe, kuma kar ka rage iska sai kaga shuɗin harshe yana rawa a saman sabon kwal ɗin.

Damfa fa, wato marfin da ake sawa a bututu don daidaita jan hayaƙi, dole ne?

In bututunka yana ja da ƙarfi fiye da kima zafi zai riƙa gudu sama kwal yana ƙarewa da wuri, a nan ake saka damfa mai lilo wadda take buɗewa da kanta ta daidaita jan, ana saita ta da na'urar awo ba da ka ba. Ta hannu kuma wadda ake juyawa, wasu kamfanonin sun hana sakata kwata-kwata, inda aka yarda ma ba a taɓa rufe ta ruf. Bi takardar murhunka.

Ina zan kai tokar?

Kwal yana da toka da yawa, kullum sai an kwashe, in ta taru ta taɓo ragar daga ƙasa iska bata sanyaya ƙarfen sai ya lanƙwashe. A zuba a bokitin ƙarfe mai murfi, a fitar dashi waje nan take a ajiye kan ƙasa ko kankare nesa da bango, don rushin ciki yana iya kwana biyu ko fi da ransa kuma yana ci gaba da fitar da guba. Kar a zuba ta a lambu ko gona kamar tokar itace, akwai ƙarafa masu cutarwa a cikinta.

Sau nawa ake share bututun, kuma me zan yi in sanyi ya wuce?

Aƙalla sau ɗaya a shekara, in mai hayaƙi kake ƙonawa sau biyu, sannan a tsakiyar lokacin sanyi ka leƙa gwiwoyi da sashen da ya kwanta don a nan lallausar toka take taruwa ta rage hanya ba tare da ka sani ba. In an gama amfani dashi kar ka bari sai wani sanyin ya zagayo, a satin nan ka kwashe toka tas, ka cire bututun da ya haɗa murhu da silin ka goge cikinsa ka ajiye a busasshen wuri, ka shafa ɗan mai a ragar da cikin murhun, ka duba igiyar da take toshe bakin ƙofar murhun in ta saki a canza, in bulo ya fashe shima a canza. Kafin wutar farko ta shekara mai zuwa kuma a haska fitila cikin bututun daga ƙasa a tabbatar tsuntsu bai yi sheƙa a ciki ba, a saka sabon batir a ƙararrawa sannan a kunna.